Gobara Daga Kogi: Tunani a Kan Taba da Barandar Jirgin Ruwa

Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta Allah. Malamai kan fassara wannan karin magana da cewa babu fitinar da ta kai wadda ta ɓullo daga inda ake sa ran samun magani. Ga mu da muka tashi a ƙasar da ba ta da gaɓar teku, maganar kwatance ce kurum. Amma ga ma'aikatan jirgin ruwa, zahiri ce da suke kwana suna tashi da ita. Babu abin da kyaftin yake tsoro a tsakiyar teku kamar wuta. Ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, amma babu inda mutanensa za su ruga, babu motar kashe gobara da za ta iso, kuma ruwan da za a kwarara wa wutar, idan ya yi yawa, shi kansa yana iya karkatar da jirgin. Wannan tsoro shi ne tushen dokokin shan taba a manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, kuma a cikin dokokin nan na sami abin tunani da ya wuce taba.

Jiragen da nake magana a kansu ba na fito ba ne, ba kuma na dakon kaya ba. Otal-otal ne masu yawo bisa ruwa, masu hawa goma ko fiye, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da tafkunan wanka, da zaurukan wasanni. Mutum yakan biya kuɗi mai kauri don ya yi mako ɗaya ko biyu yana zaga tsibiran Karebiyan ko garuruwan gaɓar Bahar Rum. Ɗakin da aka fi rububinsa shi ne mai baranda, wato ɗan fili a bayan ƙofar gilashi, mai kujeru biyu da ƙaramin tebur, inda fasinja zai zauna shi kaɗai yana kallon teku. A jiragen ƙasaita kuwa har hadimi ake ba mutum, mai goge masa takalma da jera masa tufafi. Duk abin da ransa ya so ana kawo masa. Abu guda ne mafi yawan kamfanonin suka ce ba su yarda ba, ko nawa ya biya: ya kunna sigari a ɗakinsa ko a barandarsa.

Ƙa'idojin sun yi kama da juna daga wannan kamfani zuwa wancan. An hana shan taba a ɗakin kwana, da wurin cin abinci, da zauren kallo, da lungunan da ke tsakanin ɗakuna. An keɓe wani ɓangare na sararin jirgin, sau da yawa a gefe guda, aka ajiye mazubin toka mai murfi, nan kaɗai mashayi zai je. Wasu jiragen suna da rufaffen ɗaki mai na'urar zuƙe hayaki domin masu lofe da masu shan tabar nan mai kauri irin ta Kuba. A jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, an raɗa wa irin wannan ɗaki sunan Winston Churchill, tsohon firayim ministan Birtaniya da aka san shi da ita. Sigarin lantarki ma galibi hukuncinsa ɗaya da na ganye a wuraren jama'a. Lokacin da jirgi ke shan mai a tasha, akan rufe har wuraren da aka keɓe a waje. Jefa guntun sigari a teku kuwa babban laifi ne, domin iskar da ke bin jikin jirgi mai tafiya takan dawo da shi, ta ajiye shi a barandar wani da ke ƙasa ko a baya. Wanda aka kama ya karya doka akan ɗora masa kuɗin tsabtace ɗaki, dala 250 a wasu kamfanoni, har dala 500 a wasu, kuma in ya yi taurin kai ana iya sauke shi a tasha ta gaba, ya nemi hanyar gida da aljihunsa.

Mai karatu zai iya cewa an tsananta. Kafin ya yanke hukunci, ya kamata ya ji abin da ya faru a daren 23 ga Maris 2006. Jirgin Star Princess ya baro tsibirin Grand Cayman ya nufi Montego Bay ta ƙasar Jamaika, ɗauke da mutane sama da 3,800, fasinjoji da ma'aikata. Da misalin ƙarfe uku na dare wuta ta tashi a wata baranda da ke hawa na goma. Cikin ƴan mintoci ta bi barandun maƙwabta, ta haura benayen sama, zafinta ya farfasa ƙofofin gilashi, baƙin hayaki ya cika ɗakuna da lunguna. Fasinja ɗaya ya rasu saboda shaƙar hayaki, wasu 13 suka jikkata. Ɗakuna 79 suka lalace sarai, wasu fiye da 200 kuma wuta ko hayaki ko ruwa ya taɓa su. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya, wadda ta bi diddigin al'amarin, ta ce mafi rinjayen zato shi ne guntun sigari ne da aka yar ya faɗa kan wani abu mai kama wuta, ya yi ta cin sa a ɓoye na kimanin minti ashirin kafin harshen wuta ya bayyana.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken nan shi ne dalilin da ya sa wutar ta yi saurin yaɗuwa. Cikin ɗakunan akwai na'urar gano hayaki, akwai bututun feshin ruwa, kayan ɗakin kuma an zaɓe su ne daga waɗanda ba su saurin kamawa, domin dokar kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, ta wajabta haka. Waɗannan su suka tare wutar da ta shigo ciki. Amma baranda, a idon dokar, waje ce, ɓangare ce ta sararin jirgi, saboda haka ba a ɗora mata waɗannan sharuɗɗa ba. Shingayen da ke raba baranda da baranda na roba ne, daɓen ƙasa na roba, kujeru da tebura na roba, babu na'urar gano wuta, babu ta kashe ta. A idon fasinja kuwa baranda ciki ce, ɗakinsa ne da ya biya, nan yake shanya tawul da rigar wanka, nan yake busa hayakinsa. Doka ta kira wurin waje ta kau da kai, fasinja ya kira shi ciki ya saki jiki, aka bar shi ba mai tsaro. Ga mai nazarin harshe, wannan darasi ne babba. Sunan da aka ba wuri shi ke yanke wanda zai kula da shi, kuma a tsakanin "ciki" da "waje" ran mutum ya salwanta.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Landan, ta yi wa dokar kwaskwarima a ƙarshen 2006, gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2008. Daga nan shingen baranda ya zama dole ya kasance wanda ba ya cin wuta, kayan da za a ajiye a cikinta kuma ko dai su zama marasa saurin kamawa, ko a saka na'urorin gano wuta da feshin ruwa. Sauya roba da ƙarfe bai ɗauki lokaci ba. Sauya ɗabi'ar fasinja mai biyan kuɗi shi ne ya ja shekaru. Kamfanin Celebrity ya hana shan taba a baranda a 2008, Princess mai jirgin da ya ƙone sai a 2012, Royal Caribbean da Carnival a 2014, Holland America a 2017, wasu kamfanonin Turai kuma suka daɗe suna ƙyale ta. A tsawon shekarun nan ba tsoron gobara kaɗai ya yi aiki ba. Koke-koken maƙwabta ma sun yi, domin hayakin baranda ba ya tsayawa inda aka busa shi. Yakan bi iska ya shiga ta maƙwabci, wanda shi ma kuɗinsa ya biya don ya shaƙi iskar teku, wataƙila ma yana da asma ko yana riƙe da jariri.

Duk da haka ba na son a ɗauka cewa mashayin taba abin wulaƙantawa ne. Sabo yana da ƙarfi, kuma mutumin da ya shekara arba'in da sigari ba ya rabuwa da ita don ya taka jirgi. A tudu, in an hana shi a nan, sai ya fita titi. A teku kuwa kwana biyu ko biyar na iya wucewa ba a ga ƙasa ba. An taɓa gwada hani na gaba ɗaya. A 1998 kamfanin Carnival ya fito da jirgin Paradise, wanda aka haramta taba a ko'ina cikinsa, har mai karya doka a ci shi tara a sauke shi. Bayan ƴan shekaru, a 2004, aka janye dokar domin ciniki bai biya ba. Iyali ko ƙungiyar abokai, in mutum ɗaya a cikinsu mashayi ne, sai duk su nemi wani jirgin. Ni a ganina keɓe wuri ya fi hani na baki ɗaya hikima, ko don tsaron jirgin kansa. Wanda aka toshe wa kowace ƙofa zai sha a ɓoye, a banɗaki ko a bayan labule, ya kuma yi gaggawar yar da guntun don kada a gan shi, alhali wutar ɓoye ita ce mafi haɗari.

A nan nakan tuna yadda al'adarmu ta warware irin wannan matsala ba tare da rubutu ba. Saurayin da ke shan sigari a bakin hanya, da ya hango dattijo sai ya mai da hannunsa baya ko ya take ta da ƙafa. Magidanci ba ya kunna ta a zauren surukinsa, ba ya kunna ta a wurin zaman makoki, ba ya kusantar rumbu ko dannin kara da ita a lokacin hunturu. Babu ɗan sanda a wurin, kunya ce da sanin ya kamata. Amma kunya tana aiki ne tsakanin mutanen da suka san juna, waɗanda gobe ma za su haɗu. Jirgin shaƙatawa ya tara dubban baƙi daga ƙasashe barkatai, kowa da tarbiyyarsa, bayan mako guda kuma su watse har abada. Inda babu sanayya, dole rubutacciyar doka ta tsaya a gurbin kunya, tara kuma ta tsaya a gurbin tsawar dattijo.

Misalin da ya fi dacewa da wannan hali yana cikin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Bukhari ya ruwaito, inda aka kwatanta al'umma da mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgi, wasu suka sami sama, wasu ƙasa. Na ƙasa suka yi niyyar huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In an ƙyale su, kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu, kowa ya tsira. Hujjar masu hudar ita ce wurin nasu ne. Ita ce kuma hujjar mai kunna sigari a baranda: ɗakina ne, kuɗina na biya. Gaskiya ne ya biya, amma abin da ya saya gado ne da kujera da kallon teku. Iskar da ke ratsa barandu ba a sayar masa da ita ba, jikin jirgin da kowa ya dogara da shi ma ba a yanka masa rabonsa ba.

Sai dai in za a yi adalci, kamfanonin ma akwai abin faɗa a kansu. Da yawa daga cikin jiragen da suka hana taba a baranda sun bar ta a gidan caca da ke can cikin jirgi, domin mai caca in ya tashi shan sigari ba lalle ya dawo teburin ba. Kantunan cikin jirgi kuma suna sayar da kwalayen sigari ba haraji. Fasinjan da hayaki ya dame shi yana iya kauce wa gidan caca. Ma'aikacin da ke raba kati fa? Yawancin ma'aikatan nan sun fito ne daga ƙasashe irin su Filifins, Indunusiya da Indiya, suna yin watanni a jere a kan ruwa, kowane dare suna tsaye cikin hayakin da ba su suka kunna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayakin tabar wani yana kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a kowace shekara. Dokar da ta kare hancin mai baranda ta manta da huhun mai hidima, ba ta gama aikinta ba.

Abin da ya ƙara ɗaure lamarin shi ne, a tsakiyar teku dokar ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ce ke aiki, kuma yawancin jiragen nan an yi musu rajista ne a Bahamas, ko Fanama, ko Malta, ko Bamuda, ba a ƙasashen fasinjojinsu ba. Saboda haka ainihin abin da ke ɗaure mashayi shi ne yarjejeniyar da ya amince da ita ranar da ya sayi tikiti, da kuma ikon kyaftin. In jirgi ya tsaya a tasha, dokar masu ƙasa ta hau kansa. A Singafo, Tailan da Indiya, alal misali, an haramta sigarin lantarki, don haka abin da aka ƙyale shi ya riƙe a ɗakinsa yana iya jawo masa tara in ya sauka da shi.

Da yawa daga cikinmu ba za mu taɓa kwana a irin waɗannan jirage ba, amma kowannenmu yana cikin wani jirgi: gidan haya mai tsakar gida ɗaya, motar haya mai tafiyar yini, rumfar kasuwa da ke jingine da ta maƙwabci. A kowane ɗayansu akwai wurin da mutum ke kira nasa alhali illarsa ta kowa ce. Gobarar da ta fito daga kogi da gaske, wannan sai addu'a. Wadda kuwa ta fito daga tsakanin yatsu biyu, Allah ya riga ya ba mu maganinta, shi ne mutum ya taka ƴan matakai zuwa inda aka keɓe, ya kuma tabbata ya kashe abin da ya kunna kafin ya juya baya. Allah ya tsare mu da wuta, ta tudu da ta ruwa.