Ranar Da Jirgin Abba Ya Yi Hayaƙi

Labarin da zan ba ku yau na ɗana ne Abba, mai shekara 11, da jirgin ƙasan da ya ƙera da gwangwani. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta shi, saboda akwai laifina a ciki.

Mu a Kalgo muke zaune, kuma duk wadda ta san jihar Kebbi ta san ba mu da layin dogo. Ko a tsohuwar jihar Sakkwato, wadda aka cire mu daga cikinta a 1991, dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Don haka Abba bai taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba. A wayata ya gan shi. Wani bidiyo ne na dattawan Turawa a Ingila, sun shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo a lambun bayan gida, faɗinsa milimita 45, bai kai yatsu uku ba. Ga ɗan jirgi yana zagaya furanni yana fitar da farin hayaƙi. Ashe abin ya daɗe a can, har wani kamfani a Jamus ya fara ƙera irin waɗannan jirage masu suna LGB tun 1968.

Tun daga ranar gwangwani ya daina kwana a kwandon shararmu. Gwangwanin madarar gari ya zama kan jirgi, na tumatir ya zama bututun hayaƙi, na kifi suka zama taragai. Ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya soke su da sifokin keke, ya jera kara biyu a tsakar gida ya ce dogo ne. Abu ɗaya ya rage masa.

"Mama, yaya ake yi hayaƙin nan ya fito?"

Sau uku ya yi mini wannan tambaya. Ta ƙarshe ina tsaka da tuƙa tuwon shinkafa, ƙanwarsa na kuka a bayana. Na ce, "Kai, tafi ka ba ni wuri, ka ishe ni da tarkacen gwangwani." Ya tafi, bai sake tambaya ba. Ni kuwa na ɗauka maganar ta mutu.

Da hutun Disamba muka tafi Gwandu wajen surukata, Inna. Kun san yadda gida yake a wannan lokaci: iskar hunturu na kaɗawa, zana ta bushe ƙayau, ga harawar awakin Inna an jibge a kan rumfa. Bayan la'asar na sa turaren wuta a kasko na kai ɗakinta. Ban san Abba na kallon hayaƙin nan yana lissafi ba. Ya ɗebo garwashi biyu da cokali, ya zagaya bayan ɗaki inda ba mai ganinsa, ya cusa su a bututun jirgin, ya ɗora tsumma.

Hayaƙi kam ya fito. Sai iska ta ɗauki tsumman da wuta a jikinsa ta manna wa zana.

Ihun yara na ji. Kafin in fito, maƙwabta sun shigo da bokitai, wasu na watsa ƙasa. Allah Ya taƙaita, zana biyu da rabin harawar suka tafi, wutar ba ta kai ga ɗaki ba. Ina ganin Abba na kai masa mari tun kafin in tambaye shi komai. Sai da ya ɗaga hannu zai kare fuska na ga tafinsa ya yi jajawur. Ashe da wutar ta tashi, jirginsa ya fara cafkowa, gwangwanin kuwa ya yi zafi.

Na ruga na ɗauko man goge baki. Matar ƙanen maigidana, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta riƙe hannuna. Ta ce ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja, ba kuma ƙanƙara. Ruwa mai sanyi na randa ta yi ta kwarara masa har minti 20, ta rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle ba ta matse ba, sannan muka kai shi asibiti aka duba. Ku riƙe wannan don Allah, ni ban sani ba sai ranar.

Da dare na shiga ba Inna haƙuri, ina kuka, ina cewa zan tattara gwangwanayen in zubar. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, in kin zubar da gwangwani, abin da ke cikin kan wanga yaro fa, ina za ki zubar da shi? Ya tambaye ki ko bai tambaye ki ba?"

Na sunkuyar da kai.

Sai ta kira shi, ta ce, "Zo nan maigidana, mai ƙone mini harawa." Ta zaunar da shi ta ba shi labarin jirgin kwal da ta gani a tashar Gusau tana yarinya, yadda yake huci, yadda baƙin hayaƙi ke bin farin. Ita da aka yi wa ɓarna ita ce ta fara amsa masa tambayarsa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da muka dawo Kalgo hannun ya warke, na ɗauki Abba da ƙonannen jirginsa muka tafi shagon ƙanena mai gyaran waya. Ya kalli bidiyon sau biyu ya ce, "Yaya, ai babu wuta a cikin wannan." Ya yi mana bayani cewa a cikin bututun jirgin Turawan akwai wata siririyar waya da ke zafi idan lantarki ya bi ta, kamar hitar dafa ruwa. Sai a ɗiga mata wani mai na musamman, zafin ya mai da shi tururi, da ya haɗu da iska sai ya yi fari. Idan man ya ƙare aka bar ta a kunne, wayar kan ƙone. Ya ce ko da za a samu, ba zai ba yaro abu mai zafi da mai ba.

Sai ya tambaye ni, "Ina humidifayar turarenki da kika kawo kwanaki, wadda robarta ta fashe?" Tana nan a ƙarƙashin teburinsa. Ya kwance ta a gabanmu. Abu uku ne kawai a ciki: ɗan faifai kamar babban maɓallin riga, lagwanin auduga, da ɗan fanel mai cin bolt 5, irin wutar da fawa bank ke bayarwa. A tsakiyar faifan akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Lagwani na jawo ruwa ya kai masa, shi kuma yana karkarwa fiye da sau dubu 100 a daƙiƙa ɗaya, sai ruwan ya fito kamar hazo, da sanyinsa. Ba wuta, ba zafi. Ya ƙara da cewa ko a jirgin gaske, kwal ne ke tafasa ruwa, tururin ya tura tayoyi, kuma farin da Inna ta gani tururin ruwa ne, baƙin ne hayaƙin kwal.

Abin da ya burge ni, ƙanena bai karɓe aikin ba. Ya ce, "Kai ne direba, ni yaron mota ne." Abba ne ya sa ƙaramar kwalbar magani da aka wanke a cikin kan jirgin, ya tsoma lagwani, ya ɗora faifan a bakin bututu. Fanel ɗin suka naɗe a leda don kada ruwa ya taɓa shi, fawa bank ya hau taragon baya.

Aka kunna, shiru. Na ga idon Abba ya kawo ruwa. Kawunsa ya ce, "Duba dai, me bai taɓa me ba?" Ya duba ya duba, ya gano lagwanin bai kai ga faifan ba. Suka ciro sifirin daga tsohon biro suka sa a ƙasansa ya tokare shi. Aka sake kunnawa, sai ga farin hazo siriri yana tashi. Yaron nan bai yi ihu ba, hannunsa mai tabo ya sa a ciki, ya juyo ya ce, "Mama, taɓa ki ji, sanyi gare shi."

Bayan kwana kaɗan abin ya toshe, saboda ruwan rijiya ya zuba masa. Tun daga nan sai fiya wata. Shi da kansa kuma ya lura cewa da sassafe ko bayan magariba hazon ya fi fitowa, da rana busasshiyar iska na shanye shi nan take. Ya rubuta wannan a bayan littafinsa, ba wanda ya sa shi.

Mun yi yarjejeniya uku. Ba ashana, ba garwashi. Ba ya taɓa soket, ni ke yin cajin fawa bank, kuma ba a barinsa a rana. Ta ukun a kaina take: duk abin da ya tambaya, in ban sani ba zan ce ban sani ba, mu nemi wanda ya sani. Kuɗin harawar Inna kuwa, daga asusunsa ya biya wani abu, muka cika sauran. Ta karɓi nasa, ta dawo mana da namu.

Hausawa na cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Nawa ya taka, amma sau uku ya zo wurina kafin ya je wurin wutar. Korar da na yi masa ba ta kashe tambayar ba, bayan ɗaki ta mayar da ita, kusa da zana. Na san gajiya, na san hayaniyar gida, ba kullum uwa ke da sararin amsa ba. Amma "bari in sauke tukunya mu duba" ba ta fi "tafi ka ba ni wuri" tsawo ba.

Ke fa 'yar uwa, wace tambaya ce ɗanki ya daina yi miki? Allah Ya tsare mana su daga gobara da dukkan sharri, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.