Ugwu Tsakanin Littafi da Majigi

Ba mu ga yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 ba, amma muna kwana ɗaki guda da jikokin waɗanda suka sha wuyarsa. Shi ya sa ba mu ɗauki littafin Chimamanda Adichie, Half of a Yellow Sun (2006), da fim ɗinsa na Biyi Bandele (2013) da wasa ba.

Fim ɗin ya karkata ga soyayyar Olanna da Odenigbo, ya mai da Ugwu, yaron gidansu, ɗan rakiya. A littafin kuwa, yana cikin mutum uku da muke kallon yaƙin da idonsu. An tilasta masa aikin sojan Biyafara, har ya sa hannu a yi wa wata yarinya fyaɗe, ya rayu da wannan kunya. Majigi ya tsallake wannan.

Kisan Ibo a Kano a 1966 yana cikin duka biyun, kuma yana yi mana nauyi. Mun fi gaskata littafin domin bai wanke kowa ba, har wanda muka fi tausaya wa.