Sunan da Ba Mu Karanta Ba

Lokacin ina yaro, in an sa kaset ɗin Marked for Death a gidan maƙwabcinmu, ba wanda ke kula da rubutun farkon fim. Jira kawai muke Steven Seagal ya fara karya hannuwan mutane. Sai da na shigo jami'a, wata rana da daddare ina kallon Prison Break maimakon karatun nahawu, na ga wani suna ya gifta: Dwight Little.

Da na bincika, ashe shi ne daraktan wancan fim na 1990. Shi ya yi Halloween 4 a 1988, fim ɗin ban tsoro da ya dawo da makashin nan Michael Myers bayan an ajiye shi a kashi na uku. Rapid Fire na Brandon Lee, 1992, shi ma aikinsa ne. Daga baya ya fi karkata ga talabijin, musamman shirin Bones.

Abin ya tsaya mini a rai, domin burina in rubuta labarin fim da Hausa. Da na gaya wa abokin ɗakina, dariya ya yi, ya ce in faɗi wanda ya rubuta Marked for Death ɗin. Na daɗe ina sosa ƙeya.