Abin Da Na Gani A Zagga

 Ga labarin zuwana Zagga a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, ƙasar da kogin Kwara ya ratsa, mai iyaka da Jamhuriyar Benin. Wuri ne na shinkafa da kifi da shanu. Matan can ba su san zaman banza ba: wannan na gyaran shinkafa, waccan na bandar kifi, ga Fulani da ƙoren nono.

Gidan gwaggona na sauka. Ran nan da hantsi na iske jikarta, 'yar shekara 14, ta dunƙule bisa tabarma, zufa na karyo mata. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta sassauta murya ta ce, "Na mata ne, ɗiyata. Mun jiƙa mata kanwa. In ta yi aure ya wuce." Ashe duk wata sai ta yi kwana biyu ba makaranta, har an fara zancen cire ta.

To, ku saurara. Ciwon mara ba iska ba ne, ba sammu ba. Mahaifa ce ke matsewa don ta fitar da jini, in matsin ya yi ƙarfi sai azaba. Na cika kwalba da ruwan zafi, na naɗe da zane, na ɗora mata a mara. Na dafa mata citta. Da ta ci abinci aka ba ta ibuprofen yadda ma'aikaciyar lafiya ta faɗa. Ya fi aiki in an sha tun ciwon na farawa, amma mai gyambon ciki da mai juna biyu su guje shi, su nemi farasitamol. Kanwa kuwa a bar ta a miya.

Amma fa in akwai zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini ya ƙi tsayawa, ko wata ya tsallake sannan gefe guda ya murɗa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, sai asibiti.

Kashegari ina tsaye bakin zaure ta wuce da jakar littattafanta. Uwa, ki tambayi 'yarki. Kunya ba za ta bari ta fara faɗa miki ba.