DARIYAR DA TA TSAYA MINI A WUYA

Masu iya magana kan ce, wasa ba faɗa ba ne, amma cikin wasa akan faɗa wa mutum gaskiya. Duk wanda ya nazarci Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi (1959) ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979) ya san marubutanmu sun daɗe suna tona asirin abin da kuɗi ke yi wa tarbiyya. Ni kuwa a dandali na ga wannan da idona.

Wani daren Asabar, ɗalibai suka gabatar da wasan barkwanci a nan Maiduguri. Labarin wani Alhaji ne da ya yi kuɗi ya koma G.R.A. Ranar da manyan mutane za su zo neman auren 'yarsa, sai ga kawunsa daga ƙauye da buhun gero a ka. Nan take Alhaji ya ce wa baƙi ai maigadinsa ne. Duk sa'ad da tsohon ya buɗe baki, sai ya ce "yarinya ya zo", zaure ya kece da dariya.

Ni ma na dara, amma daga baya jikina ya yi sanyi, domin muryar babana na ji. Ni Babarbariya ce, kuma harshen Kanuri ba ya rarrabe jinsin namiji da tamace a nahawu. Don haka "ya" da "ta" sukan ruɗe wa wanda ya koyi Hausa da girma. Da irin wannan Hausar babana yake ciniki a Kasuwar Monday, da ita kuma ya biya mini kuɗin makaranta.

A fitowa ta ƙarshe aka gane kawun ne ya sayar da shanunsa ya ba Alhaji jari. Zaure ya yi tsit. Ashe tun farko Alhaji ne abin dariyar.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da ake koya wa daidaitacciyar Hausa, gobe mu ne malamai, kuma yawancin waɗanda za mu koyar a Borno da wani harshen suka tashi. In yaro ya ce "yarinya ya zo", mu gyara masa cikin mutunci, kada mu sa ya koma gida yana jin kunyar bakin ubansa. Allah Ya sa mu dace.