Kafin Mu Hau Dutsen Ƙanƙara



Tun da aka fitar da sanarwar tafiyar hutun hunturu ta bana, wadda za ta kai mu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, tambayoyin da nake ji ba su wuce kuɗin mota, da kuɗin hayar kaya, da wanda zai dafa abincin da za a ci a hanya ba. Har yanzu ban ji wanda ya tambayi wa zai biya asibiti in wani ya karye a can ba. Shi ya sa na roƙi edita ya ba ni ɗan fili.

Ni ba gwanin wasan ba ne. A Stapleton nake zaune, a tsibirin Staten, kusa da titin Bay, kuma yawancin yawona bai wuce in shiga jirgin ƙasa zuwa St. George in hau jirgin fiton nan na kyauta in tsallaka Manhattan ba. Tudu mafi tsawo a duk birnin New York, wato Todt Hill, a tsibirinmu yake, amma tsawonsa wajen ƙafa 400 ne kawai. Saboda haka duk mai son wasan nan dole ya bar gari. Ko dai ya nufi duwatsun Catskill inda Hunter da Windham da Belleayre suke, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku, ko ya tsallaka New Jersey zuwa Mountain Creek, ko ya wuce Camelback a Pennsylvania. Akwai ma wani rufaffen wuri mai suna Big Snow da aka buɗe a East Rutherford a 2019, inda inji ke yin ƙanƙarar ko da rani.

Na jera sunayen ne saboda dalili. Uku daga cikinsu ba a jihar New York suke ba, kuma inshorar lafiya a Amurka ta san iyakar jiha. Kowane kamfani yana da asibitoci da likitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su. Wasu tsare-tsaren, in ka fita daga wannan da'ira, jinyar gaggawa kaɗai za su biya, abin da ya biyo bayanta kuma a wuyanka yake. Da yawanmu ba mu taɓa buɗe takardar inshorar da makaranta ta haɗa mana da kuɗin karatu ba, mun dai san ana cirewa.

Shekara uku da suka wuce na ga abin da idona. Wani ɗan uwanmu ɗan Maraɗi, wanda muke haya gida ɗaya da shi a lokacin, ya bi abokan ajinsa wani dutse a wata jihar. Allo ɗaya ya hau, irin wanda ake ɗaure ƙafa biyu a kansa, ba dogayen sandunan ƙafa guda biyu ba. A gangaren 'yan koyo ma yake. Ya faɗi ta baya, ya kai hannu don ya tare, wuyan hannun ya karye. Wannan ita ce karayar da masu allo suka fi yi, su kuwa masu sanduna biyu jijiyar gwiwa ce ke yawan tsinke musu. Masu sintirin dutsen suka sauko da shi, motar asibiti ta ɗauke shi, aka yi hoto, aka ɗaure. Da ya dawo aka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe.

Babu wanda ya ƙi duba shi. Tun 1986 akwai doka a ƙasar nan wadda ta tilasta wa sashen gaggawa na asibiti ya duba duk wanda ya zo, ya daidaita shi, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Sai dai dokar ba ta ce kyauta ne ba. Bayan wata guda takardu suka fara zuwa, ta asibiti daban, ta likita daban, ta motar daban. Inshorarsa irin mai arahar nan ce da ya saya da kansa ta intanet don a bar shi ya yi rajista, kuma can cikin ƙananan rubutu an sa wasannin ƙanƙara a jerin abubuwan da ba ta ɗauka. Abin da aka nema a wurinsa ya haura kuɗin hayarsa na shekara. Aka yi karo-karo a tsakaninmu, direbobin tasi na Bronx suka taimaka bayan sallar Juma'a, ya roƙi asibitin rangwame aka yi masa. Duk da haka sai da ya ajiye zangon karatu ɗaya, kuma kun san ɗalibi mai bizar F-1 ba ya ajiye karatu haka kawai, sai da takardar likita da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Abin da ya fi damunsa, kamar yadda ya faɗa mini, shi ne yadda zai gaya wa mahaifinsa cewa a wurin wasa ya karye.

To, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Masu bizar J-1 sun ɗan fi mu kariya, domin gwamnati ce ta gindaya musu mafi ƙarancin abin da inshorarsu za ta ɗauka: dala 100,000 a kan kowane haɗari ko rashin lafiya, 50,000 ta mai da majinyaci ƙasarsu, 25,000 ta mai da gawa, kuma abin da mutum zai fara biya daga aljihunsa kada ya wuce dala 500. Masu F-1 kuwa gwamnatin tarayya ba ta sa musu komai ba, kowace makaranta da nata tsari. Don haka kada wani ya dogara da abin da abokinsa ya gaya masa, takardarsu ba ɗaya ba ce.

Batun mota ma abin lura ne. Dokar da ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2022 ta hana a yi wa mai inshora cajin bazata a jinyar gaggawa, har da jirgi mai saukar ungulu. Amma ba ta haɗa da motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa ba. Wannan ne ke sa wasunmu, in sun faɗi, su miƙe su ce ba komai. A watan Maris na 2009 'yar wasan fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi a gangaren 'yan koyo a Mont Tremblant ta Kanada, ba hular kwano a kanta. Ta tashi tana magana, ta ce a bar ta. Bayan kwana biyu ta rasu a nan New York, jini ya taru mata a ka. Ita ba kuɗi ne ya hana ta ba. Mu kuwa ina tsoron kuɗi ne zai hana mu, mu yi shiru mu hau mota mu dawo.

Kada kuma wani ya ce ai masu dutsen za su biya. Jihar New York tana da dokar wasan zamiya tun 1988, wadda ta ce wasan yana da haɗarinsa na asali, kamar ƙanƙara mai tauri da itatuwa da karo da wani, kuma mai hawa ya yarda da su. Takardar da kake sa wa hannu wurin hayar kaya ma abin da take cewa ke nan.

Ita inshorar tafiya da ake tallatawa amfaninta yana nan, amma a duba. Da yawa ba sa aiki sai tafiyar ta yi nisa da gida, galibi mil 100, ka ga Mountain Creek ba ta kai ba. Wasu sai ka ƙara kuɗi kafin su ɗauki wasannin hunturu. Kusan dukkansu ba ruwansu da kai in ka fita daga hanyoyin da aka shata, ko ka shiga tsere. Inda ta zama dole shi ne in za a tsallaka Kanada, ko mai hali ya nufi Faransa, inda sauko da kai daga kan dutse ma kuɗi ne, shi ya sa suke sayar da wata 'yar inshora ta kwana ɗaya tare da tikitin hawa.

Na san akwai masu ƙyamar inshora saboda addini, kuma ban isa in ba da fatawa ba. A gida akwai takaful, wanda hukumar inshora ta Nijeriya ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, a nan kuwa da wuya ɗalibi ya same shi. Abin da na lura da shi dai shi ne, karo-karon da muke yi in wani ya shiga matsala shi ma taimakon juna ne, sai dai yana zuwa ne bayan abu ya faru, kuma kullum mutanen nan goma ko sha biyar ne ke sa hannu a aljihu. Su ma suna da haya da iyaye a gida.

Ba cewa nake kada a je ba. Na ji daɗi ƙwarai da na ga Seun Adigun da abokanta sun ɗaga tutar Nijeriya a gasar Olamfik ta hunturu a Pyeongchang a 2018, kuma ni ma sunana yana cikin masu tafiyar bana. Abin da na roƙi kwamiti shi ne, kafin a karɓi kuɗin motar kowa, ya kira lambar da ke bayan katinsa ya tambaya ko an ɗauki wasan zamiya, ko tana aiki a jihar da za mu, da nawa zai fara biya da kansa. Sakatare ya rubuta lambar katin kowa da ta wanda za a kira in wani abu ya faru. Hular kwano kuma a haɗa ta cikin kuɗin haya tun daga nan, masu hawan allo a ƙara musu da abin kare wuyan hannu. Duk wanda takardarsa ta rikita shi ya kawo ta taron ƙarshen wata, mu karanta tare bayan la'asar.