Ɓarawon Da Ke Shan Wutar Batir

Duk mai tsohuwar mota ya san ƙarar nan ta "ƙyas-ƙyas" da ake ji idan an murɗa makulli injin ya ƙi tashi. Da an ji ta sai a ce batir ya mutu, a sayo sabo. To amma batir randa ce kawai. Idan ka iske randa ba ruwa, ko dai ta tsufa ta daina riƙe ruwa, ko mai ga-ruwa ya daina zubawa, ko kuma akwai mai ɗiba a ɓoye. Mai ga-ruwan mota shi ne altaneta.

Ni abin ya same ni ne lokacin da maiɗakina ke da ciki wata tara. Motar otomatik ce, ba ta tashi da turi, sai dai a jawo wuta daga wata motar. Ranakun aiki lafiya lau take tashi, amma in na ajiye ta yammacin Juma'a, Litinin da safe shiru. Kullum in na kwanta tunanina ɗaya ne: in naƙuda ta zo ƙarfe biyun dare, ƙofar wa zan buga?

Wani ya ce in sayi sabon batir. Wani yaron gareji ya ce a tayar da motar a cire kan batir, wai in ta mutu altaneta ce. Na hana shi, domin wannan gwaji na motocin da ne. A motar da ke da kwamfuta, wutar na iya yin tsalle ta ƙone ta, a tashi daga neman magani a koma jinya.

Daga nan na nufi wajen wani dattijo mai wayarin. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, bari mu tambayi motar da kanta." Ya ɗauko mita. Da injin a kashe, lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6, in ya sauka zuwa 12.2 to rabi ya tafi. Nawa ya nuna ƙasa da haka, sai ya sa aka kwana ana yi masa caji, washegari ya cika ya kuma riƙe. Ke nan randa ba ta fashe ba. Ya duba kawunan batir ko akwai farin garin nan da ke hana wuta wucewa, ya ƙara ɗaure su. Sannan muka tayar da injin, mita ta nuna 14.2. Duk abin da ke tsakanin 13.8 da 14.4 alama ce altaneta na zuba ruwanta. Ya taɓa fambel, ba ta saki ba.

Saura ɓarawo. Ya kashe komai, ya zare makulli, ya rufe ƙofofi, ya cire wayar da ke kan batir mai alamar ragi, ya haɗa mita a tsakani. Muka zauna muka sha shayi, domin kwamfutar mota takan ɗauki mintoci kafin ta yi barci. Motar da ta yi barci bai kamata ta ja fiye da miliam 50 ba. Tawa tana jan 400. Ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana kallon mita, da ya zo kan na fitilun ciki sai lambar ta faɗo.

Fitilun da muke gani duk a kashe suke. Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Kawo wayarka." Ya kunna bidiyo, ya sa ta cikin but ya rufe. Da muka duba, ga ƙwan fitila tar yana ci a cikin duhu. Ɗan makunnin da murfi ke dannawa ne ya karye. Ƙwai ne mai wat 5 kacal, amma a lissafa: a kwana uku yana shanye kusan rabin batir mai lamba 60. Ga shi tafiyata gajera ce, daga gida zuwa wurin aiki, ba ta isa altaneta ta mayar da abin da aka ɗiba ba. Kuɗin gyaran bai kai na man rana ɗaya ba. Kwana tara bayan nan naƙuda ta zo bayan sallar Isha, murɗa ɗaya motar ta amsa, aka sauka lafiya.

Ya kai mai karatu, zafin ƙasarmu yana rage wa batir kwana, kuma duk faɗuwar da ya yi har ƙasa tana ƙara raunana shi, don haka kada a bari abin ya daɗe. Kafin ka ƙirga kuɗin sabo, ka nemi mai mita ya auna maka batir, altaneta, da abin da motar ke ja in ta yi barci. In ɓarawon na nan, sabon ma zai shanye shi. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, amin.